Tarkace na zubo min daga kafofin iskar rufin motar gida, ina mafita?

Baban Ummi (Hustan):
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar motar gida, wadda mutanen nan Amurka ke ce wa RV. Bara na sayi wata ta hannu, ƙirar 2021, tsawonta ƙafa 30. AC ɗinta ɗaya ne a saman rufi, amma iskar tana fitowa ne ta wasu ƙananan kafofi zagayayyu guda takwas da ke jere a silin, tun daga gaba har ɗakin kwana. Tun watan Nuwamba na ajiye ta a wani filin ajiye motoci a bayan gari, dab da gonaki. Ranar Asabar na ɗauko ta don mu fara shirin tafiya idan yara sun samu hutu. Ina kunna AC sai ga abu na zubowa kamar yayyafi. Akwai fararen ƙwayoyi marasa nauyi, girman gero, akwai wasu baƙaƙe, akwai kuma ɓarɓashin busasshiyar laka. Kan gado, kan tebur, har cikin kofin shayi. Na kashe, na sa tsintsiya na share tas, na sake kunnawa, ya sake zubowa, musamman ta kafofi biyu na baya. Abin da ya hana ni barci shi ne Ummi tana da asma, kuma gadon da take kwana a ƙarƙashin kafofin nan biyu yake. Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ya taimaka.

Kawu Direba (Dalas):
Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗana, ba wani abu ba ne. Duk motar da ta daɗe a ajiye haka take yi. Kwance murafan kafofin nan duka, ka buɗe ƙofa da tagogi, ka ari injin hura ganye wajen maƙwabci, ka kafa bakinsa a kafar gaba ka hura. Minti goma komai ya fito. Sai ku share ku kama hanya.

Anti Nas (Niyu Meziko):
Baban Ummi, don girman Allah kada ka hura komai tukuna. Kawu ka yi haƙuri na shiga maganarka, amma akwai dalili. Baƙaƙen nan da ka ce, ya kamanninsu yake? Kamar garin masoro ne, ko dogaye ne kamar ƙwayar shinkafa masu tsini a baki? Idan na biyun ne, kashin ɓera ne, kuma mota da ta yi watanni kusa da gona ba abin mamaki ba ne. Kada ka taɓa da hannu. Ka ɗauki hoto kusa-kusa ka turo. Kuma daga yau kada yara su shiga motar har sai mun san mene ne.

Baban Ummi (Hustan):
To Anti. Wallahi ban tsaya na duba da kyau ba, sharewa kawai na yi. Gobe in Allah ya kai mu zan koma in duba.

Injiniya (Indiyana):
Sannu Baban Ummi. Na yi shekaru ina aiki a ɗaya daga cikin masana'antun motocin nan a yankin Elkhart, inda ake ƙera mafi yawan motocin gida na ƙasar nan, yanzu kuma gyaransu nake yi. Bari in faɗa maka yadda rufin yake, don in ka gane shi za ka gane abin da ke zubo maka.

Rufin nan ba irin silin gida ba ne da mutum zai hau ya leƙa. Hawa-hawa ne manne da juna. A sama shimfiɗar roba ce, ƙarƙashinta siririn katako, sai farin soso mai kauri irin wanda ake tarar da shi cikin kwalin sabuwar talabijin, sannan allon silin da kake gani. A motoci da yawa, hanyar iskar ba bututun ƙarfe ba ce, cikin wannan farin soson aka fafe ta, wasu a shafe ta da siririn alminiyam, wasu a bar ta haka. Da aka zo huda kafofin nan zagayayyu, da injin huji aka huda su daga ƙasa, duk ɓarɓashin soso da garin katako sai ya faɗa cikin hanyar. Idan ba a zuƙe shi ba kafin a ɗaura murafai, nan zai zauna. Mota na tafiya tana jijjiga, yana ta gangarawa, iska kuma tana tura shi can ƙarshen hanya. Shi ya sa kafofin baya suka fi zubarwa. Taka kuma ƙirar 2021 ce, shekarar da masana'antun suka fitar da motoci 600,240, adadin da ba a taɓa kaiwa ba, saboda lokacin korona kowa na son tafiya ba tare da shiga jirgi ko otal ba. Ni na ga yadda layin aiki yake gudu a lokacin. Don haka fararen nan ban damu da su ba sosai, sai dai saboda asmar yarinya.

Lakar kuwa, ba na shakka zanzaro ne. Na nan ƙasar ma irin na gida ne, da laka yake gini, kuma Teksas cike take da shi. Yana son cikin murfin AC na saman rufi. Idan ya yi gini a jikin fanka, kana kunnawa ginin zai farfashe. Ka saurara, in AC ɗin yana wata irin girgiza da ba ya yi a da, to akwai sauran laka a jikin fankar.

Baƙin shi ne abin tambaya, kuma Anti ta yi gaskiya. Zai iya zama baƙin soson da ake liƙawa cikin AC don toshe iska, wanda zafi ke busarwa har ya ruɓe ya zama gari. Zai iya zama fumfuna, tunda Hustan akwai laima. Zai iya zama kashin kyankyaso ko na ɓera. Kowanne maganinsa daban. Akwai kuma na biyar da nake roƙon Allah ya sa ba shi ba ne: idan ka ga ɓarɓashin katako ruwan ƙasa mai taushi, to rufi na yoyo, katakon ciki ya fara ruɓewa. Wannan ya fi duk sauran cin kuɗi.

Kawu Direba (Dalas):
Injiniya bayaninka ya yi, amma ni fa ina ganin ana kambama abu. Shekarata ashirin da wani abu ina kwana a bayan tirela, daga Laredo har iyakar Kanada. Ɓera ya sha shiga min mota. A gida ma wane ɗakin ajiya ne babu kashin ɓera? Da tsintsiya ake sharewa, ga mu nan da ranmu. Yaron nan ya riga ya sa rana da iyalinsa, kada ku tsorata shi ya fasa tafiya a kan ƙura.

Anti Nas (Niyu Meziko):
Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya, shi ya tsare ka. Amma a jihar da nake aiki ba ma wasa da wannan. Akwai cutar da ake kira hantabairos, tana cikin fitsari da kashi da yawun wasu ɓerayen daji. Ba sai ɓeran ya cije ka ba. Idan kashin ya bushe aka tayar da ƙurarsa, mutum ya shaƙa, shi ke nan. A 1993 aka fara gano nau'inta mai kama huhu a nan yankinmu, inda jihohi huɗu suka haɗu, bayan matasa masu ƙoshin lafiya sun riƙa mutuwa da ciwon huhu cikin 'yan kwanaki. Ba ta da yawa, wannan gaskiya ne, amma cikin waɗanda ta kama huhunsu, kusan mutum ɗaya cikin uku ba ya tashi.

Abin da ya sa maganar Baban Ummi ta tsaya min a rai shi ne abin da ya faru a gandun Yosemiti na Kalifoniya a 2012. Masu yawon buɗe ido 10 suka kamu, 3 suka rasu. Da aka bincika, galibinsu a wasu tantuna masu bango biyu suka kwana, ɓeraye sun yi gida cikin abin da aka cusa tsakanin bangon biyu don hana sanyi. Mutanen ba su ma san da ɓerayen ba. To rufin motar nan ba haka yake ba? Wuri ne rufaffe mai soso, ga fanka tana turo iskarsa kan fuskar mai barci. A Teksas da Luwiziyana ma akwai nau'inta, ɓerayen fadama ke ɗauke da shi.

Maganar gida kuwa da ka yi, ai mu ne ya kamata mu fi kowa ganewa. Zazzaɓin Lassa, da aka fara ganowa a garin Lassa na Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga mutane, kuma duk rani sai ya ɗauki rayuka. Ba cuta ɗaya ba ce da wannan, amma hanyar kusan ɗaya ce. Shi ya sa CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta hana share kashin ɓera da tsintsiya ko zuƙe shi da injin zuƙar ƙura matuƙar a bushe yake. Injin hura ganye kuwa ya fi su duka muni.

Kawu Direba (Dalas):
To na ji. Ban san da maganar tantunan nan ba. Amma in ya duba ba ɓera ba ne, ina nan a kan bakana, hurawa ce magani.

Injiniya (Indiyana):
In ba ɓera ba ne Kawu, kusan bakinmu ɗaya, sai dai ni na fi son a zuƙa ta kafa ɗaya ana hurawa a hankali ta ɗaya, sauran a toshe, don kada tarkacen ya watsu cikin mota. Iska mai ƙarfi da yawa kuma takan ɓamɓare liƙin da ke cikin hanyar. Abin da ba na so ko kaɗan shi ne buroshin nan mai juyawa da ake ɗaura wa injin huji don wanke bututun injin busar da kaya. Na ga wanda ya zura shi a hanyar soso, ya kankare ta, ya shekara yana kwasar fararen ƙwayoyi.

Baban Ummi ga abin da za ka yi gobe. Buɗe ƙofa da tagogi ka bar ta ta sha iska minti 30 kafin ka shiga. Sa takunkumin N95 da safar hannu ta roba. Kada ka kunna AC. Cire wayar wutar nan mai amfiya 30 daga soket, janareto a kashe, batir ma ka cire shi. Kwance murafan kafofin baya, yawanci kusoshi biyu ko uku ne, ka shimfiɗa farar takarda a ƙasa don ka ga abin da zai faɗo. Akwai 'yar kyamara mai doguwar waya da fitila a baki, ana haɗa ta da waya, kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Zura ta a hankali ka ga cikin hanyar. Sannan ka kwance babban murfin da ke ƙarƙashin AC ɗin, inda matatar iska take, ka haska sama. Idan za ka hau rufi ka buɗe murfin sama, ka sani akwai kafasita a ciki, tana riƙe wuta ko bayan an cire soket. Kada hannunka ko sukundirebanka ya kai wajenta.

Alhaji na Bronx:
Ni tambayata daban ce. Motar da ba ta wuce 'yan shekaru ba, me ya sa shi zai hau rufi? Ya mayar wa wanda ya sayar masa mana, ko kamfanin da ya ƙera. Kuɗi fa ya biya.

Injiniya (Indiyana):
Alhaji, garantin ɓangaren ɗakin galibi shekara ɗaya ne, kuma sau da yawa ga mai sayen farko ya tsaya. Ko da yana da shi ma, ba wanda zai biya maka ɓarnar ɓera ko zanzaro, za su ce matsalar ajiya ce.

Maman Biyu (Finiks):
Sannu Baban Ummi, Allah ya ba Ummi lafiya. Mu tamu ƙura ce ta dame mu. Guguwar nan ta Arizona da suke ce wa habub, kalmar ma daga Larabcin Sudan suka aro ta, in ta taso sai ka rantse hazon hunturu ne ya haɗu da hadari. Bayan ta wuce, kwana biyu AC na feso mana jan gari. Abin da na yi, na yanka tsohuwar safar mata mai shara-shara, na ɗaura a bayan kowane murfi. Duk abin da ya taho sai ya maƙale a ciki, kuma kana cirewa za ka san wace kafa ce ke kawo me. Matatar kuma duk sati biyu nake wanke ta da ruwa da sabulu in muna kan hanya, in bar ta ta bushe ƙarau kafin in mayar.

Baban Ummi (Hustan):
Jama'a na dawo, Allah ya saka da alheri. Na bi yadda Injiniya ya ce. Ga abin da na tarar.

A sama, gidajen zanzaro uku, ɗaya a jikin fanka ya fashe rabi. Roban rufin da liƙin da ke kewaye da AC lafiya lau, ban ga alamar ruwa ba, alhamdu lillahi. Da na kwance babban murfin ciki, sai na ga ramin da AC ke zaune a kai, gefensa duk katako da farin soso ne tsirara, ba a liƙe komai ba. Akwai wani ɗan shamaki a tsakiya, ya karkace, baƙin soson da ke bakinsa kuwa da sukundireba na taɓa shi ya zube kamar toka. Na ce to ga baƙin nan, har na fara murna. Sai na zura kyamara ta kafar baya ta hagu. Can ƙarshen hanya ga tarin yagaggen tishu da zare, ga kashi irin wanda Anti ta kwatanta, kamar baƙar shinkafa. Hanyar dama babu komai sai fararen ƙwayoyi. Na mayar da murfi na liƙe kafar da leda na fito. Kawu, da na hura ranar nan, kan gadon Ummi zai sauka.

Kawu Direba (Dalas):
Inna lillahi. Anti, kin yi gaskiya, na janye maganata. Allah ya tsare gaba.

Alhaji na Bronx:
To ai sai a zuba shinkafar ɓera a kowane lungu, a fesa fiya-fiya cikin hanyar, a rufe motar kwana uku.

Injiniya (Indiyana):
A'a Alhaji, duka biyun za su ƙara masa aiki. Ɓeran da ya ci guba ba a fili yake mutuwa ba, komawa yake cikin rufi ko bango, kuma rufin nan ba ya buɗuwa sai an yanka. Warin zai yi makonni. Tarko mai ɗanawa za ka sa, da ɗan tunkuza ko man gyaɗa, a bi jikin bango, cikin kabad, ƙarƙashin gado. Sai ka yi kamar mako ba ka kama komai ba kafin a fara wanki. Feshi kuwa, farin soson nan narkewa yake idan fetur ko tina ko wasu magungunan feshi suka taɓa shi, ban da cewa yarinya mai asma ce za ta shaƙi abin da ya rage.

Ka kuma nemo ƙofar da ya shigo, in ba haka ba wani zai maye gurbinsa. Ramin da fensir zai shiga, ɓera zai shiga. Ka fara da inda wayar wuta ke fita, sai inda bututun ruwa suka huda ƙasan mota, sai bayan firji. Daga nan yake bin hanyar wayoyi ya hau bango har rufi, ya faɗo ta gefen ramin nan da ka gani tsirara. Ka cusa soson ƙarfe ko ragar tagulla a kowace kafa.

Ramin da ka gani inci 14 ne kowane gefe, ma'aunin da AC ɗin rufi irin su Dometic da Coleman-Mach duk suke zama a kai. Bayan an gama wanki, ka samo salatif na alminiyam na masu aikin AC, ba mai launin toka na yadi ba, wancan zafi na sa shi saki. Ka liƙe gefen ramin gaba ɗaya, ka miƙe shamakin ka liƙe shi, ka kuma liƙe bakin kowace kafa zagayayya inda soso ya fito. Shamakin nan shi ke raba iskar da AC ke ja da wadda yake turawa. Da ya karkace, sanyin na komawa ciki, yana kuma jan ƙazantar cikin rufi. In ka gyara shi za ka ji sanyin motar ma ya ƙaru.

Anti Nas (Niyu Meziko):
Wajen wanki, ƙa'idar ita ce a jiƙa kafin a taɓa. Bilic kashi 1, ruwa kashi 9, a fesa har ya jiƙe sharkaf, a bar shi minti 5, a kwashe da tishu, a ƙulle a leda, a sake sa ta cikin wata ledar. Tebur, kabad, ƙasa, duk haka. Zanen gado da labule a wanke da ruwan zafi da sabulu. Kada a haɗa bilic da wani maganin wanki, musamman mai amoniya.

Injiniya (Indiyana):
Anti, a tebur da ƙasa na yarda, amma kada bilic ya kusanci cikin AC. Zara-zaran ƙarfen nan masu sanyi da ke cikinsa alminiyam ne, bilic na cin su.

Anti Nas (Niyu Meziko):
Shi ya sa ban ce ya wanke hanyar iskar da kansa ba. Shawarar CDC ma ita ce idan ɓera ya shiga hanyar iskar na'urar sanyi ko ta ɗumama, a kira masu sana'ar. Gidan yana can inda hannu ba ya kaiwa, ba yadda zai jiƙa shi da kyau, kuma soso na shan fitsari. Baban Ummi, ka nemi masu wanke hanyar iska, ka gaya musu tun a waya cewa motar gida ce, hanyar ta soso ce, kuma akwai gidan ɓera. Wanda ya ce duk ɗaya ne da na gida, ka nemi wani.

Baban Ummi (Hustan):
Bayan kwana goma sha biyu ga inda aka kwana. Tarko ya kama biyu a daren farko, ɗaya a na uku, daga nan shiru. Ƙofar tasu na same ta a inda bututun ruwan wanka ya huda ƙasa, rami ne da yatsu biyu za su shiga, na toshe. Masu wanki na farko da na kira sun ce ba sa taɓa motar gida, na biyu suka zo da injinsu mai matata, suka cire gidan, suka wanke hanyoyin biyu, ni kuma na yi aikin salatif da kaina. Mun ɗage tafiya zuwa hutu na gaba, yara sun yi kuka amma sun haƙura. Na ɗaura safa a kafofin kamar yadda Maman Biyu ta ce, na bar AC awa shida jiya. Bakwai babu komai, ta baya ta dama ce kawai ta tara fararen ƙwayoyi da ba su cika cokalin shayi ba. In bar safar ke nan dindindin?

Injiniya (Indiyana):
A'a, ta gwaji ce kawai. Ka bar ta a kafar nan ɗaya har ka yi tafiya ɗaya ko biyu jijjiga ta gama fito da sauran, amma ka cire na bakwai ɗin yau. Idan iska ba ta fita sosai, a laimar Hustan ƙanƙara ce za ta kama zara-zaran, ta narke ta zubo maka ta silin. Kafin ka sake ajiye ta kuma, ka sa wa AC ɗin rigarsa ta sama saboda zanzaro, ka kwashe tishu da duk wani abin ci.

Anti Nas (Niyu Meziko):
Saura abu ɗaya da ban manta ba. Ranar Asabar ɗin farko ka kunna AC sau biyu kana ciki, ka kuma share da tsintsiya. Wa ke tare da kai?

Baban Ummi (Hustan):
Ni kaɗai ne Anti, yara suna islamiyya.

Anti Nas (Niyu Meziko):
Alhamdu lillahi. Mai yiwuwa babu abin da zai same ka, in sha Allahu. Amma cutar takan ɗauki mako 1 zuwa 8 kafin ta bayyana. Ka ƙirga daga ranar. In ka ji zazzaɓi da ciwon jiki, musamman cinyoyi da baya, ko numfashi ya fara yi maka wuya, kada ka tsaya shan farasitamol a gida. Ka tafi asibiti a ranar, kuma ka faɗa wa likita da bakinka cewa ka share kashin ɓera a rufaffiyar mota. Ka gaya wa Maman Ummi ma, don ta sa ido.

Baban Ummi (Hustan):
Na gaya mata yanzu, ta rubuta ranar a kalandar kicin. Saura mako shida da kwana ɗaya.